Je Ki Gani da Idonki

Shafi na 23

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", to ga shi nan, ku sassauta min haka. Ke kuma da kika ce in na taɓa Lauya kin daina karantawa, 'yar'uwa nemi ruwa ki sha ki zauna tukuna.

*

Malamar Rubutu na zaune a ofishin malamai da jan biro a hannu, tarin takardun 'yan aji huɗu a gabanta, sai aka yi sallama a bakin ƙofa.

Wata mata ce, mayafinta ya zame gefe guda, tana riƙe da kular abinci.

"Sannunku da aiki. Don Allah 'yata nake nema. Ta manta abincinta a gida, na leƙa ajinsu aka ce in tambaya nan."

"Wacce ke nan?"

"Wadda kuke ce wa Lauya."

Malama ta saki murmushi. Yo wa bai san Lauya ba a makarantar nan? Yarinya siririya 'yar shekara sha biyar, amma ko "ina kwana" ka ce mata sai ta nemi hujja. Ita Malama ta zaɓa ta wakilci makaranta a gasar rubutun shawo kan jama'a, kuma ba ta ɓoyewa, duk cikin ɗalibanta babu wadda take ji da ita kamar yarinyar nan.

"Au, Maman Lauya ce? Sannu da zuwa, bismillah ga kujera. Ai yau ba ta zo ba, har ina cewa ko jiki ne."

Matar ba ta zauna ba.

"Ba ta zo ba kamar yaya?"

"Tun safe kujerarta babu kowa."

"Haba Malama. Da kayan makaranta ta fita, jakarta a baya. Ko ƙannenta ba ta jira ba, wai kar ta makara."

Murmushin Malama ya ɗauke. Kafin ta sami abin faɗa, malamin lissafi ya faɗo ofishin yana sharce gumi, ya jefa makullin motarsa kan tebur.

"Kai jama'a! Mutum ya fita ɗan aike sai ya zagaye rabin gari kafin ya dawo. Sun toshe titin tsohon laburare, sun kawo katafila. Ku ga ƙura!"

"Katafila ta me?" in ji Malama.

"Ta rusau mana. Har sun fara."

"Ba sai mako mai zuwa ba?"

"Da haka aka ce. Wai an matso da aikin. Lafiya, Malama? Kin ga fuskarki kuwa?"

Jan biron ya suɓuce daga hannunta ya gangara ƙarƙashin tebur. Ba ta ko bi ta kansa ba.

Jiya-jiyan nan, bayan an tashi, Lauya ta tsaya ta karɓi rubutunta na gasa. Kan maganar da yarinyar ta zaɓa da kanta shi ne kada a rushe tsohon laburare. Malama ta miƙa mata takardar tana girgiza kai.

"Hujjojinki sun zauna, Lauya, amma rubutun nan ba shi da wari. Kin taɓa shiga wurin?"

"Tun ina firamare aka rufe shi, Malama."

"To kina roƙon mutane su ceci abin da ke kanki ba ki sani ba? Wa zai saurare ki? Je ki gani da idonki."

Maganar da take yi wa kowane aji ke nan, har yara na kwaikwayonta in ta ba da baya. Tana kuma da wata dabara da take alfahari da ita. Kowane ɗalibinta yana yawo da ƙullin auduga a jaka. In za a siffanta wuri, sai ya toshe kunnuwansa tam, ya zauna shiru, ya rubuta abin da hancinsa ya shaƙa da abin da fatarsa ta ji, don a cewar Malama hayaniya ce ke hana mutum lura.

Abin da take nufi jiya shi ne yarinyar ta je ranar hutu, da wani babba, ta tsaya daga waje ta kalla. To amma ta faɗa? Wallahi ba ta faɗa ba. Sauri take yi ta kama mota.

"Malama."

Maman Lauya ce. Ta matso har bakin tebur tana kallon ƙwayar idonta.

"Malama, kin san wani abu."

Wata zuciya ta ce wa Malama ki yi shiru, ai zato ne kawai, wataƙila gidan ƙawa ta tafi. In kika buɗe baki aikinki ya tafi, sunanki ya ɓaci. Tsoro ne fal cikinta, na yarinyar da na kanta, har ta rasa wanne ya fi.

"Ki yi min magana don girman Allah!"

"Ina jin... ina jin tana tsohon laburare."

"Me za ta yi a can?"

"Rubutu take yi a kansa. Ni na ce ta je ta gani."

Malamin lissafi ya dafe kai. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Malama ta runtse ido tana jiran mari. Ba marin da ya zo. Ƙarar faɗuwar kula ta ji, murfin ya yi gefe, abinci ya watse a siminti. Da ta buɗe ido, matar ta ɗora hannu biyu a ka.

"Na shiga uku. Babanta!"

"A kira shi, a gaya masa," in ji malamin lissafi.

"Ba ku gane ba! Shi ne direban katafilar! Shi ke rushe wurin!"



"A bakinsa ta ji za a rushe," matar ta ci gaba. "Suna cin abinci ya faɗa. Ta yi ta yi masa musu har ya ce ta rufe masa baki, aikinsa ne. Ashe shi ya sa take ɓoye takardunta in ya shigo. Wayyo Allah, da hannunsa!"

Ta zaro waya tana latsawa. Ta yi ta ƙara har ta katse. Ta sake. Ta sake.

"Ba zai ɗauka ba. In yana kan aiki a jaka yake barin ta."

Malamin lissafi ya wawuri makullinsa.

"Ku taso!"

*

A mota babu mai magana sai salati. Malamin lissafi, mutumin da kullum ake yi wa tsiya wai keke ma na wuce shi, yau har kan dakalin titi ya hau. Malama na baya kusa da Maman Lauya.

"Malama, kina da 'ya?"

"Allah bai kawo ba tukuna."

"Shi ya sa."

Maganar ta soki Malama. Maman Lauya ta ci gaba.

"Ni in na ce ta miƙo min tsintsiya sai mun yi shari'a. Ke kuwa, Malama ta ce, Malama ta ce, har mun gaji da ji a gidan. Kin san maganarki ta fi tawa a wurinta. Kin sani sarai. Shi ne kika buɗe baki kika aike ta kango?"

"Ban ce ta shiga ba, Maman Lauya."

"Kin ce kar ta shiga?"

Malama ta sunkuyar da kai.

"Ki amsa min mana, ba ke ce mai koya musu magana ba? Kin ce kar ta shiga?"

"Ban ce ba."

"To ki yi addu'a. Wallahi ki yi addu'a."

Can gaba motoci suka cushe, ba gaba ba baya. Daga inda suke ana hango ƙura ta turnuƙe sama, ana jin wani gum! gum! da ke girgiza gilashin mota. Maman Lauya ta ɓalle ƙofa ta fita da gudu. Malama ta rufa mata baya, ta bar malamin lissafi yana ƙwala musu kira.

*

'Yan kallo sun yi dafifi a bayan igiyar da aka gitta, wasu na ɗauka da waya, wasu har da shewa in bango ya faɗi. Malama ta kutsa tana ture mutane, ana zaginta ba ta ji.

Da ta isa gaba sai ta ga ginin.

Ɓangaren hagu na ginin ya riga ya kwanta. Babu komai sai tsibin bulo da rodi sun yi cirko-cirko. Wata ƙatuwar katafila ruwan ɗorawa ta ɗaga hannunta sama, ta nufi abin da ya rage.

Wani gajeren mutum mai farar hular kwano yana tsaye daga ciki da wayar oba-oba a hannu, leburori na ce masa Injiniya. Malama ta kamo hannun rigarsa ta saman igiya.

"Yallaɓai! A tsaya! Akwai yarinya a ciki!"

Ya fizge hannunsa.

"Ke lafiya? Wace yarinya?"

"Ɗalibata ce. Ga mahaifiyarta nan. Don Allah a kashe injin!"

"Baiwar Allah, babu kowa a ginin nan. Da safe muka bi shi ɗaki-ɗaki, sama da ƙasa. Har mahaukacin da ke kwana a baranda sai da muka fitar."

"Bayan kun duba ta shiga, ko kuma ta ɓuya."

"Kin gan ta ta shiga?"

Malama ta waiga ta dubi ginin.

"Tambayarki nake. Da idonki kin gan ta?"

"Ban gani ba."

"To! Kullum aka zo rusau sai an sami irinku. Wannan ya ce akwai kyanwarsa a ciki, wancan ya ce akwai aljanu. Ba zan tsayar da aiki kan zato ba."

Maman Lauya ta durƙusa a ƙasa tana riƙe da igiyar.

"Yallaɓai, mijina ne a kan motar can. Ka kira shi kawai, ka ce matarsa ce."

"Ba a yi wa direba magana yana tsakiyar sara, Hajiya, sai ya jawo mana bango a ka. Ku kwantar da hankalinku. Ko da ta shiga ai ta fita. Kafin mu taɓa ko bulo ɗaya sai da muka zagaye ginin nan da lasifika muna shela. Kurma ne kaɗai ba zai ji ba."

Kurma.

Malama ta ga Lauya a idon zuciyarta ƙarara, zaune a wani lungu, littafi a cinya, ta cusa auduga a kunnuwa biyu kamar yadda aka koya mata. Lauya da ba ta yin abu rabi-rabi. Lauya da in an ce a toshe kunne, sai an taɓa kafaɗarta take sanin an buga ƙararrawa.

"Ba za ta ji ba," ta faɗa a hankali. Sai kuma ta ƙwalla: "Ba za ta ji ba! Kunnenta a toshe yake da auduga!"

"Audugar me?"

"Haka nake koya musu. Su toshe kunne su rubuta abin da suka shaƙa."

Injiniya ya dube ta sama da ƙasa.

"A cikin kango? Ke wace irin malama ce?"

Wani daga cikin 'yan kallo ya tuntsire da dariya. Injiniya ya juya baya ya kai oba-oba bakinsa yana ba leburori umarni su ja da baya, za a sari bangon tsakiya.

Shekara da shekaru Malama tana tsayawa gaban allo tana koya wa yara yadda ake shawo kan mutum. A fara da abin da ya dame shi, a kawo hujja, a kawo misali, a rufe da abin da zai tsaya masa a rai. Yau ga ranar ta zo, ko kalma ɗaya ta ƙi zuwa. Kanta fayau.

Hannun katafila ya fara saukowa.

Ita kanta ba ta san lokacin da ta sunkuya ta ƙarƙashin igiya ba.

"Ke! Ke! Ku riƙe ta!"

Ina! Ta riga ta yi nisa. Takalminta ɗaya ya cire, ta taka fasasshen gilashi ba ta ji ba. Ƙura ta cika mata baki. Ta sha gaban katafilar ta tsaya cak, ta ɗaga hannu biyu sama, idonta a rufe, tana jin zafin injin a fuskarta. Abin da ta iya faɗa kawai shi ne kalmar shahada.

Wani ƙiiiii ya tashi. Ƙasa ta girgiza. Sannan ƙarar ta sauka.

Da ta buɗe ido, haƙoran ƙarfen na rataye a saman kanta, ƙasa na zubo mata a ka.

Direban ya diro. Dogo ne, gemunsa ya yi fari da ƙura, idanunsa jajir.

"Ke mahaukaciya ce? So kike ki ja min kisan kai? Wa ya bar wannan matar ta..."

Maganar ta maƙale. Ya hango wadda ke tahowa a guje a bayanta, ba mayafi.

"Ke kuma me ya kawo ki nan? Wa ya mutu?"

Maman Lauya ta nuna masa ginin.

"Ki yi min bayani mana! Ina yara? Ina Mamana?"

Haka yake kiran Lauya. Matarsa ta fashe da kuka.

"Ba ta je makaranta ba, Baban yara. Nan ta zo."

Ya waiwaya ya kalli tsibin bulon da ya tara da hannunsa tun safe. Ya sake kallon matarsa. Har wata 'yar dariya ya yi, irin ta wanda kansa ya ƙi ɗaukar magana.

"A'a. A'a, ba zai yiwu ba. Ina cikin waɗanda suka duba. Ni da kaina na hau sama, na leƙa ko'ina."

"Ɗakin ƙarƙashin ƙasa fa?" in ji Malama.

"Wace ce wannan?"

"Malamarsu ce."

"Yallaɓai, a rubutunta ta ce an tara sauran littattafan a ɗakin ƙarƙashin ƙasa an manta da su. In ta zo, can za ta nufa."

Fuskarsa ta sauya.

"Ni na gaya mata maganar ɗakin," ya ce, kamar mai magana da kansa. "Amma ƙofar da sarƙa take. Ba mu shiga ba, da sarƙa take."

Wani dattijon lebura da ya matso ya cire hular kwanonsa.

"Akwai 'yar taga ta baya, dab da ƙasa. Ƙarfenta ɗaya ya cire. Babba ba zai wuce ba, amma yaro..."

"A wane ɓangare ɗakin yake?" Malama ta tambaya, tana roƙon Allah a ranta.

Dukansu hagu suka kalla.

Baban Lauya ya zube a kan gwiwoyinsa.

*

Injiniya ya iso yana haki, bakinsa cike da masifa, amma da ya ga direbansa a durƙushe sai ya haɗiye ta. A ba shi haƙƙinsa, mutumin bai ɓata lokaci ba.

"A kashe komai! Janareta, motoci, komai! Kai, kira 'yan kwana-kwana. Ku kuma ku gaya wa mutanen can duk wanda ya yi tari sai na sa an kore shi!"

Wuri ya yi shiru, har ana jin yashi na gangarowa daga tsibin.

Suka hau kan ɓaraguzan da rarrafe.

"Lauya!" Malama ta kira, muryarta ta dishe.

Shiru.

"Mamana! Mamana, ki amsa min!"

Shiru. Maman Lauya ta fara tonon bulo da hannu, farcenta na karyewa.

"Ku tsaya," in ji dattijon lebura. "Ku saurara."

Ƙwan. Ƙwan. Ƙwan.

Can gefe, wani tsohon bututun ƙarfe ya leƙo daga ƙarƙashin wani makeken falan kankare, wato faffaɗan ɓarin rufin da ya faɗo, bakin bututun a karye. Daga cikinsa ƙarar ke fitowa.

Malama ce ta fi kusa. Ta faɗa kansa ta kafa baki.

"Lauya! Lauya, kina ji na?"

Ta mayar da kunne. Da farko huci kawai ta ji. Sai wata 'yar murya, can ƙasa, siririya.

"Malama? Ke ce?"

"Ni ce! Alhamdulillahi, ni ce! Tana da rai!"

Kabbara ta tashi daga bayan igiya. Injiniya ya daka musu tsawa suka yi tsit.

"Kin ji ciwo?"

"Ƙafata... wani abu ya danne ta. Duhu, Malama. Ban ji komai ba sai da rufin ya faɗo na cire audugar."

Hawaye suka wanke wa Malama fuska.

"Malama?"

"Ina jin ki."

"Don Allah kar ki gaya wa Baba. Zai yi faɗa."

Malama ta ja gefe ta ba Baban Lauya wuri. Mutumin ya kwanta rub da ciki a kan ɓaraguzai, ya rungumi bututun da hannu biyu.

"Mamana. Ni ne."



"Baba, ka yi haƙuri."

"Ba ki yi min komai ba. Kin ji ko? Ba ki yi komai ba. Yanzu zan fito da ke."

Ya kara kunne. Suna kallo fuskarsa ta yi wani iri.

"Me ta ce?" matarsa ta tambaya. "Baban yara, me ta ce?"

"Ruwa. Wai ruwa na shigowa. Ya kai mata ƙugu."

Injiniya ya buga hannu a cinya.

"Tankin ƙasa ne ya fashe. La haula." Ya juya ga mai waya. "'Yan kwana-kwana fa?"

"Sun taso, Yallaɓai, amma titi a cushe yake. Mu muka toshe shi."

"A zaune take, ƙafa a danne, ba za ta iya miƙewa ba." Injiniya ya zagaya falan kankaren yana dubawa, ya tsuguna, ya miƙe. "Hannu ba zai ɗaga wannan ba ko mun taru duka. Sai katafila. A saƙala haƙori a wannan gefen, a ɗaga a hankali, mu tura mutum da igiya. In ya ɗagu daidai, shi ke nan. In ya goce..."

Bai ƙarasa ba. Kowa ya gane.

"Wa zai hau?" dattijon ya tambaya.

"Direba ɗaya gare ni."

Baban Lauya ya ɗago hannuwansa yana kallo. Rawa suke yi kamar na mai zazzaɓi.

"Ba zan iya ba, Yallaɓai. Dubi. Ni na jefa mata shi, yanzu kuma in ƙarasa ta?"

Matarsa ta rarrafo ta kama hannuwan nan biyu ta matse a ƙirjinta.

"Kai ne kake cewa da motar nan za ka iya ɗaukar ƙwai ba ka fasa ba. Kullum sai ka faɗa mana. Tashi ka ɗauko min 'yata."

Ya dube ta. Sannan ya miƙe, ya goge fuska da gefen riga.

"In na tayar da inji ba zan ji ta ba. Ta yaya zan san falan bai motsa kanta ba?"

"Ta riƙa buga bututun," in ji Injiniya. "Wani ya dafa shi daga nan, zai ji a hannunsa. Muddin tana bugawa, ya ɗaga maka hannu ka ci gaba. In ta daina, ya sauke, ka tsaya cak. Amma fa mai riƙewa yana dab da falan. In ya goce, har da shi."

"Ni zan riƙe," in ji Maman Lauya.

"Ke jikinki rawa yake, ba za ki bambance bugunta da naki ba."

"Ni ce zan riƙe."

Malama ce ta faɗa. Tsoro kamar ya kashe ta, amma ta faɗa. Maman Lauya ta dube ta, ta matsa mata.

Malama ta sake kafa baki a bututun.

"Lauya, saurare ni da kyau. Babanki zai ɗaga abin da ya rufe ki. Ki ci gaba da buga ƙarfen nan. Komai kika ji, kar ki daina."

"Ruwan ya kai ƙirjina, Malama. Sanyi."

"Na sani. Ki buga kawai. Kar ki daina sai kin ga haske. Kin ji abin da na ce?"

"To, Malama."

Ƙwan. Ƙwan. Ƙwan.

Aka janye kowa baya, Maman Lauya sai da mata biyu suka riƙe ta. Malama ta durƙusa ita kaɗai a gindin falan, ta damƙe bututun da hannun dama, ta ɗaga na hagu sama.

Injin ya tashi. Ƙararsa ta cinye komai, ko numfashinta ba ta ji. Amma bugun na nan a tafin hannunta, ƙarami, a jere.

Hannun katafila ya sauko a hankali, a hankali, ya wuce ta gefen kafaɗarta. Haƙoran suka laluba suka saƙale gefen kankaren. Ta cikin gilashi tana ganin Baban Lauya, leɓunansa na motsi, idonsa ƙyam a kan hannunta na hagu.

Bugu. Bugu. Bugu.

Falan ya yi wani nishi ya ɗaga kamar faɗin tafin hannu. Tsakuwa ta zubo ta cikin ramin.

Bugu. Bugu.

Ya ƙara ɗagawa. Injiniya na yi wa mai igiya alama ya matso. Wani rodi ya tsinke, tas! Falan ya karkata kaɗan, ya tsaya.

Bugu.

Malama ta ƙara damƙe ƙarfen.

Ta jira.

"Lauya," ta ce, ko ita ba ta ji muryarta ba. "Lauya, buga mana."

Bututun ya yi shiru a hannunta.

Hannunta na hagu na sama har yanzu, ta kasa sauke shi. Daga cikin gilashi Baban Lauya ya ga hannu a sama, ya gyaɗa mata kai, ya ƙara jan ƙarfen ɗaga falan.